Akwatin Da Na Tsare Ranar Zaɓen Gada

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta watan Mayu ba, ranar da ni, matar aure, uwar 'ya, mai karatun digiri na uku, na zauna dirshan a kan akwatin wani tsohon Bature a bakin titi a Salford ta ƙasar Ingila, ina kwarara ihu da harsuna biyu. Ko yanzu da na tuna sai da na rufe fuska da mayafi, alhali ni kaɗai ce a ɗakin. Amma bari in faro muku daga tushe, don in na fara da zaman akwatin za ku ce dama can ba ni da cikakken hankali.

A bayan layinmu akwai wani tsohon mashigin ruwa, irin waɗanda Turawan da suka haƙa don kwale-kwalen dakon auduga. A kansa akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa. Daga ƙofar gidanmu in ka haye ta, sai makarantar 'yata Hanifa, tafiyar minti biyar. Hanifa tana da shekara bakwai a lokacin, kuma tana da sikila. Duk uwar da Allah ya jarraba da mai sikila ta san abin da sanyi yake yi wa ƙashin yaro, ba sai na tsaya bayani ba. Saboda gadar nan ma muka kama gidan, ba don kyansa ba.

Rannan muka wayi gari an gitta mata shinge an danna kwaɗo, wai ƙarafunan ƙasanta sun ci tsatsa. Tafiyar minti biyar ta koma ta minti arba'in, ta babban titi, cikin iska da yayyafin garin nan da ba ya gajiya. Ba mu da mota, bas kuma ba ya bin hanyar. A hunturun nan sau uku aka kwantar da Hanifa a asibitin da ke kusa da jami'armu a Oxford Road. Ina zaune a gefen gadonta tana murƙususu tana cewa ƙafarta, ni kuwa ba abin da nake gani a idona sai kwaɗon nan.

Da aka bincika, ashe gadar ba ta da mai ita. Masaƙar da ta gina ta ta rushe tun kakata tana budurwa. Sai hukumar gari ta ce to, a yi ƙuri'ar raba gardama: a kafa 'yar hukuma ta mutanen yankin, ta karɓi gadar, ta gyara, ta ci gaba da kula da ita, a ɗan ƙara wani abu a harajin gidaje. In masu "I" suka yi rinjaye, a gyara. In masu "A'a" ne, a cire ta baki ɗaya a huta. Abin da ya tayar min da hankali shi ne duk yankin ne zai yi zaɓen, har da mutanen can ƙarshen gari da ba su taɓa ɗora ƙafa a kan gadar ba.

Ni da na ɗauka namu kallo ne, mu baƙi. Anti Rabi ce ta fargar da ni. Ƙanwar mahaifiyata ce, ma'aikaciyar jinya, ta fi shekara ashirin a Handsworth a Birmingham, har ta fara cewa "mu nan" in tana maganar Ingila.

"Ke 'yar nan, wane irin kallo? Ai ku ma kuna da vote. 'Yan ƙasashe renon Ingila ne ku, ki je ki yi register kawai, ki ja duk waɗanda kika sani."

Ai kuwa ta tsokano wa mutanen Salford abin da ya fi ƙarfinsu. Na ja ƙawata Zulai, 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu, muka bi ɗaliban Arewa da ke zaune a yankin ɗaya bayan ɗaya sai da kowa ya yi rajista. Muka buɗe guruf a waya. Muka shiga bin gidajen Turawa muna ƙwanƙwasawa, su buɗe su yi mana murmushi su ce za su yi tunani (sai daga baya na gane ma'anar wannan ita ce a'a, ki bar min ƙofa). Har cincin na soya bokiti guda zan riƙa haɗawa da takardar kamfen, Anti ta ce kul, a nan raba abinci don neman ƙuri'a laifi ne da zai iya kai mutum kotu. Abban Hanifa ya yi sati uku yana karyawa da cincin.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni da akwatin zaɓe. Lokacin da nake bautar ƙasa an tura ni malamar zaɓe a wani ƙauye. Mutane suka yini a rana, tsofaffi da masu goyo. Muna gab da fara ƙidaya sai ga babura uku, kafin in ce wani abu an fizge akwatin daga hannuna. Na bi su da gudu har takalmina ɗaya ya cire. Da na dawo ina haki, wata tsohuwa ta riƙe min hannun riga ta ce, "'Yar nan, tawa fa? Tana ciki?" Tun daga ranar na riƙe karatun da kowane ɗan Arewa ya haddace: a kasa, a tsare, a raka. Kuma na rantse wa kaina akwatin gadar Hanifa ba zai bar idona ba.

Ana jibi zaɓe Anti ta sake kira. "Don Allah ki yi voting ki koma gida. Nan ba a tsare akwati." Na ce to Anti. (A raina kuwa cewa na yi, zaman Turai ya sa Anti ta yi sanyi.)

Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na fita. Na ɗauki kujerar roba, da fulas ɗin shayi, da dardumar sallah, da lema, da ƙullin dambun nama, don ban san ƙarfe nawa layi zai zo kaina ba. Rumfar zaɓen a wani zauren taron unguwa take. Na isa na tarar ba kowa. Ba layi, ba ɗan sanda, ba wakilan jam'iyya, ba mai sayar da ruwan leda. Na kafa kujerata a bakin ƙofa na zama ta ɗaya a layin da ni kaɗai ce a cikinsa. Da aka buɗe, mutum na biyu da ya zo wani ne da karensa, ya ɗaure shi a jikin ƙarfe, ya shiga ya fito kafin in gama ninke darduma.

A ciki na tarar da mata biyu a bayan tebur suna shan shayi, ga akwatin nan baƙi na roba a gefensu. Babbar, mai tabarau rataye a wuya, ita ce shugabar rumfar. Ta duba katina ta miƙo min takarda. Na miƙa mata babban yatsana. Ta kalli yatsan, ta kalle ni. Na ce ina tawada? Ta ce babu, akwai fensir a cikin ɗan lungun can. Fensir! Abin da ɗan firamare zai goge da ƙilina! Na ce mata da Turancina na jami'a, a ƙasarmu mun ga irin wannan tun kafin a haife ta (matar ta girme ni da shekara ashirin). Ta ce cikin sanyin murya in ina so in yi amfani da birona, ba laifi. Na zaro biro na danna alamar "I" har sai da ta ɓullo ta bayan takardar.

Na tambaye ta ƙarfe nawa za a ƙirga a gabanmu. Ta ce ba a nan ake ƙirgawa ba, ɗaukar akwatin ake yi a mota a kai wani babban zaure. Ba tawada, ga fensir, sannan a ɗauki akwati a mota. Na fito na mayar da kujerata tsallaken titi, inda nake hango ƙofar gaba da ta gefe duka, na kira Zulai na ce ta bar duk abin da take yi ta zo da wayarta cike da caji.

Muka zauna har bayan azahar. Mutane ɗai-ɗai suke zuwa, 'yan guruf ɗinmu kuwa ko rabi ba su leƙo ba. Wannan ya ce yana lab, wancan ya ce supervisor ya riƙe shi, wani ya ce bari ruwa ya tsagaita. Raina ya gama ɓaci. A gefen zauren kuma wasu tsofaffin Turawa sun taru, za su kai ashirin, da sanduna da kekunan dogarawa, suna ta gunaguni kamar masu jiran mota. Ban kula su ba.

Can sai ƙofar gefe ta buɗe. Wani tsoho mai hular ulu ya fito yana waige-waige, rungume da baƙin akwatin roba mai murfi. Ya nufi wata 'yar jar mota ya ajiye shi a ƙasa, ya shiga laluben makulli.

Wallahi ban san lokacin da na tsallaka titin ba. Zulai ta ce har wata mota ta ja birki. Abin da na sani kawai na tsinci kaina zaune a kan akwatin, na baza hijabina na rufe shi ruf, ina ihu.

"Ɓarawon akwati! Jama'a ɓarawon akwati! Zulai ɗauki video, ɗauki lambar motar!"

Na maimaita da Turanci don masu gari su amfana. Tsohon ya ja da baya yana ɗaga hannuwa, fuskarsa ta yi ja, yana cewa, "Baiwar Allah, nawa ne, nawa ne." Na ce ai dama haka kuke cewa. Na ɗan ɗaga cinya na zame murfin na cusa hannu, na damƙo takardu. Na duba. Kowace takarda an dangwale ta da tawada, shuɗiya da ja, dangwale dangwale kamar na babban yatsa. Ga tawadar da aka ce min babu!

Na ɗaga su sama ina kaɗawa a gaban wayar Zulai. "Ga su nan! An riga an dangwale! Ku fito, an sace mana gada!" Na fizgi wayar na tura hoton a guruf da hannuna. (Ku riƙe wannan: ba wanda ya tona min asiri, ni na aika.)

Tsofaffin nan suka kewaye ni. Shugabar rumfar ta fito, ta sa tabaraunta, ta karɓi takarda ɗaya daga hannuna ta duba. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina yi mata addu'ar alheri saboda haka. Ta ce in ɗan juya in leƙa ta ƙofa. Na leƙa. Ga akwatin zaɓe can a kan tebur inda na bar shi da safe, ɗaya matar tana zaune kusa da shi tana cin biskit.

Sai a lokacin na kalli takardun da kyau. Ba "I", ba "A'a", ba maganar gada. Lambobi ne a cikin gidaje-gidaje. A ƙasan akwatin kuma ga ƙananan ƙwallaye masu lamba da kwalaben tawada masu kan soso.

Ashe bingo ne. Wasan tsofaffin ƙasar nan ne, mutum ɗaya yana kiran lamba, saura suna dangwala tawada a kan katinsu, wanda ya fara cika layi ya ci kyauta. Duk Alhamis a zauren suke yi, ranar aka tashe su saboda zaɓe, shi ne Mista Colin, mai kiran lambar, ya zo kwashe kayan zuwa wani wuri, su kuma suna jiran motar da za ta kai su. Waige-waigen da yake yi kuwa, ya manta inda ya ajiye motarsa ne. Wato ni, da hijabina har ƙasa da carbi a hannu, na haye kan akwatin wasan da kakata za ta kira caca, ina kare shi da raina.

Na nemi Zulai, sai hango ta na yi can bayan wata bishiya tana duba sama kamar ba ta taɓa ganina ba. Na so ƙasa ta tsage. Wani tsoho a baya ya fara tari irin na mai danne dariya, daga nan kuwa sai suka fashe gaba ɗaya, har da masu riƙe ciki.

Wata tsohuwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta turo kekenta na dogarawa har gabana, gashinta fari fat, ta ce sunanta Doreen. Ta ce, "Ƙaunatacciya, shekarata tamanin da wani abu, ban taɓa ganin wanda ya zauna a kan akwati saboda zaɓe ba. Mece ce gadar nan a wurinki?"

Ni da na yi niyyar ba da haƙuri in tattara kujerata in ɓace, sai kawai na ji hawaye. Ina zaune a kan kayan bingon mutane na ba su labarin Hanifa, da minti arba'in a cikin iska, da yadda take cije leɓe a hanya don kada in ce mu koma gida ta rasa makaranta. Na gaya musu an taɓa ƙwace akwati a hannuna, kuma na ji tsoro ne, tsoro na gaske. Turancin ma ya gudu, rabi da Hausa na faɗa.

Doreen ta ce mijinta ta kan gadar nan ya yi shekara talatin yana zuwa aiki. Ta ce su dai sun yi shawara babu wanda zai yi zaɓen a cikinsu, saboda haushin tashinsu da aka yi daga zaurensu. Sai ta juya ta kalli sauran, ta ce da direban da ya iso a lokacin ya kashe motarsa ya jira. Ta zaro katinta na hawa bas na tsofaffi (ashe shi ma ana karɓarsa a matsayin shaida), ta tura kekenta ta nufi ƙofa. Suka bi ta a baya ɗaya bayan ɗaya, da sanduna da komai. Karon farko a ranar da na ga layi a rumfar. Mista Colin ya tsaya a kaina ya ce cikin ladabi, in na gama da akwatinsa shi ma yana so ya shiga.

Ba a yi rabin awa ba sai ga 'yan guruf. Waɗanda lab ya riƙe, da waɗanda ruwa ya hana fita, duk sun ga hoton, sun cika bas daga Oxford Road, wasu ko rigar sanyi ba su tsaya ɗauka ba. Wani ɗan Katsina ya diro yana naɗe hannun riga yana cewa, "Maman Hanifa, ina ɓarayin?" Na nuna masa Mista Colin yana fitowa da sandarsa yana gyara hula. Tunda dai sun riga sun zo, kunya ta sa kowa ya shiga ya yi abin da ya kamata ya yi tun da safe.

Wayata ta yi ƙara, Anti Rabi. Hoton ya riga ya isa Birmingham, daga guruf ɗin ɗalibai zuwa na matan Handsworth.

"Ke! Ina tashar jirgi yanzu haka da uniform ɗina, na ce wa manager emergency ne. Me ya faru? An taɓa ki?"

Na ce, "Anti, ki koma aiki. Bingo ne."

Sai na ji ta kwashe da wata irin dariya har tana kiran sunan mahaifiyata, tana cewa yau sai Yaya ta ji abin da ta haifa.

Washegari da la'asar aka fitar da sakamako. "I" ta yi rinjaye, amma da ƙyar, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Ba zan ce ni na kawo ta ba, don ba wanda ya ga abin da kowa ya zaɓa. Amma na san tsofaffi nawa suka bi Doreen, na kuma san ɗalibai nawa bas ya sauke, lissafin kuma ba mai wuya ba ne. Na yi sujada a tsakar kicin. Na ɗaga Hanifa sama ina juyi da ita, Abban Hanifa yana cewa in sauke ta kada mu faɗi mu duka. Ban taɓa jin daɗin da na ji ranar ba, ko ranar da na kare kundina.

Gyaran ya ɗau lokaci, sai da muka sake cin wani hunturun babu gada. A ranakun da sanyi ya tsananta, wata 'yar jar mota ce take tsayawa a ƙofarmu da safe. Mista Colin ne, ya ce ai ba ya komai a lokacin. Da aka buɗe gadar, hukumar unguwa ta ce Hanifa ce za ta fara hayewa. Ta ruga a guje da jar hularta, ta tsaya a ɗaya ƙarshen ta juyo tana ɗaga min hannu, tana ƙwala min kira da Turancin Salford ɗin nan nata mai cinye rabin haruffa. Na yi kuka a gaban mutane karo na biyu a unguwar, amma wannan karon a tsaye nake.

Har yau ban wanku ba. A shagon unguwa Matar Bingo ake ce min. In na je biki Birmingham, da na shigo sai wata ta ce a ɓoye akwatunan lefe, ga Maman Hanifa nan. Anti Rabi kuwa ta ajiye hoton a wayarta, duk baƙon da ya zo daga gida sai ta nuna masa kafin ta ba shi ruwa.

Darasin da na ɗauka bai da yawa: duk takardar da zan ɗaga wa duniya, in fara karanta abin da ke jikinta, kuma in ƙirga goma kafin in danna aikawa. Zaman akwatin kuwa na nemi nadamarsa a raina na rasa. Hunturun bana ya zo ya wuce, Hanifa ba ta kwana a asibiti ko sau ɗaya ba. A kan wannan, ku ci gaba da dariyarku, na yafe.